Keken Awo da Ƙwallon Kurna Goma Sha Shida

Ranar Laraba da la'asar Yaya Nura ya dawo daga Kangire da keken awon Kaka ɗaure a bayan babur ɗin abokinsa Haladu. Muna hutun makaranta a lokacin. Ina tsakar gida ina tsintar wake, Kaka kuma yana kan tabarmarsa a gindin darbejiya, ya miƙe ƙafarsa ta hagu da ta kumbura tun bayan girbi. Ita ce ta hana shi zuwa awon da kansa.

Gonar da aka auno ta ƙanin Kaka ce, marigayi Malam Ya'u. Matarsa ta riga shi rasuwa, ya bar 'ya'ya biyu, Baffa Isuhu da Gwaggo Hanne. Kashi biyu na Baffa, kashi ɗaya na Gwaggo. Baffa a Kano yake sana'a, kwana huɗu kawai ya ɗauko, shi ya sa da Yaya Nura ya ce ai shi ma ya iya, tun yana yaro yake ganin ana gwada keken a ƙofar gida, Baffa ya ce to a je. Kaka yana barcin hantsi suka fice da keken. An riga an tsayar da ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci dagaci da liman za su je su shaida iyaka, a dasa gamba, a shafa fatiha. A wajenmu iyakar da aka dasa wa gamba a gaban liman ba a sake tayar da maganarta.

“Tsoho,” in ji Yaya Nura yana kwance igiya, “aikin da kake yini guda kana yi, kafin azahar mun gama. Har mun tsaya mun ci awara a bakin titi.”

“Sannu injiniya,” in ji Kaka. “Miƙo ƙullin.”

Yaya Nura ya zaro wani ƙyalle daga aljihu. Haka Kaka yake yi, ƙwallayen da suka faɗo a tsawon gona yakan ƙulle su don a nuna wa liman. Kaka ya kwance, ya baza su a tabarma, yana tura su ɗaya bayan ɗaya da farcen babban yatsa.

“Goma sha shida.”

“Da haƙori biyu. Mun raba uku, Gwaggo ta samu ƙwallo biyar da haƙori huɗu daga gabas. Mun kafa turke.”

“Gonar Ya'u sau biyu na auna ta, ranar da ya saye ta da ranar da maƙwabcinsa ya ce ya ci masa iyaka. Goma sha biyar cif. Ban san gona tana ƙiba ba in mai ita ya mutu.” Ya ɗaga kai. “Ina katakona?”

Duk muka dubi bayan rumbu. Dogayen katakon nan biyu suna nan a jingine, wata kaza ma ta hau ɗaya tana gyaran gashi.

“Su kuma na mene ne?” in ji Yaya Nura. “Babur ba zai ɗauke su ba. Na ɗauka na zama ne in an gaji.”

Haladu ya ce, “Malam, ai yanzu ma da waya ana auna gona. Ka zagaya ta kawai, ta faɗa maka.”

“Ta faɗa wa wa? Wa ya taɓa leƙa cikin waya ya ga abin da take ƙirgawa? Ƙwallon kurna ko makaho ya laluba ya san nawa ne. Ku zauna. Kife keken nan a gabana, Nura, ƙafa sama.”

Suka zauna. Ni ba wanda ya ce in tashi, sai na ci gaba da wakena. Abin da ya biyo baya maganar Kaka ce, yadda na riƙe ta.

“Awon farko da na bi, a wata gona ce bayan Gwaram, ina da shekaru kamar naku. Malam Barau ne mai awon gado a lokacin, da igiyar rama. Shekara uku na yi a hannunsa ba abin da nake yi sai riƙe bakin igiya. Kuna jin riƙe igiya ku ce wannan ma aiki ne? Igiyar da ta sha raɓa da safe daban, wadda rana ta gasa daban. In ka ja da ƙarfi ka ƙara wa wani, in ka sake ka rage wa wani, ga magada a tsaye suna kallon hannunka kamar mahauci ne kai.

“Amma ba igiya ce babbar wahala ba, gaisuwa ce. Ranar nan Malam Barau ya kai igiya ashirin da wani abu, sai ga wani dattijo a kan jaki. Salamu alaikum, sannunku da aiki, ina gajiya, yaya iyali, yaya muka ji da haƙuri. Za ka ƙi amsa wa dattijo? Kafin jaki ya wuce lissafi ya tafi. Muka koma farko. Mun kai tsakiya sai ga wani. Sau uku muna komawa. Daga baya na gane ɗaya daga magadan ne yake turo su, don ya ga lissafin ba ya yi masa daɗi. Malam Barau ya koma zuba tsakuwa a aljihu, duk igiya ɗaya ya mayar da ɗaya daga dama zuwa hagu. Shi ma in yana gaisuwa sai ya manta ko ya mayar ko bai mayar ba. Tun ranar na ce sai an samu abin da zai ƙirga, wanda ba ya amsa sallama.

“Shekarar da idon Malam Barau ya mutu aiki ya dawo kaina. Wata rana ina dawowa daga kasuwar Basirka a tsohon kekena, wayar ƙafar gaba ɗaya ta lanƙwashe, duk juyi sai ta daki ƙarfe, ƙas, ƙas. Na tsinci kaina ina ƙirgawa. Da na iso gida ban gyara keken ba, ƙafar na cire. Kakarku ta yi kwana uku tana ce wa maƙwabta na samu taɓi.

“Juya ƙafar, Nura. A hankali, ba tseren babur ba ne. Ka ga ƙusar nan da ta fito gefe? Duk juyi ɗaya sai ta zo ta ture haƙori ɗaya na wannan faifan katakon. Haƙoransa goma, kowanne na ƙona masa alamarsa da ƙarfe mai zafi. Wannan siririn ƙarfen da ke kwance a kan haƙoran tsinken tsohuwar laima ne. Shi yake yin ƙaran da kuke ji, kuma shi yake hana faifan komawa baya in mai turawa ya yi tuntuɓe. Dubi jikin faifan, akwai huji ɗaya. A samansa ga bututun gora cike da ƙwallon kurna. In faifai ya zagayo, hujin ya zo daidai bakin gora, ƙwallo ɗaya ya faɗa ciki. Faifan ya ja shi gaba kaɗan, ya tarar da wani hujin a allon ƙasa, ya zarce cikin gwangwani. Juyi goma, ƙwallo ɗaya. In an kai ƙarshen gona a ƙirga na gwangwani, a duba haƙorin da ya tsaya. Shi ke nan.”

“To ai shi ne na ce,” in ji Yaya Nura. “Wannan a aji biyu na sakandare ma an koya mana irinsa.”

“An koya muku. Nawa ka sassaƙa? Faifai goma sha ɗaya na ɓata kafin wannan. Na farko da icen mangwaro na yi, ya ji danshi ya kumbura ya cije. Na biyu haƙori ɗaya ya fi 'yan'uwansa faɗi da kamar ƙwayar gero, ƙusa ta riƙa tsallake shi. Wani na yi shi da kauri, ƙwallo biyu suka riƙa shiga huji tare. Kaurin faifai dole ya zama kaurin ƙwallo ɗaya, ba ƙari. Wannan na ƙirya ne, da gizago da wuƙa da zarto na yi shi, wata biyu, da rana in na taso daga gona. Ya girmi ubanka a aiki, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba.

“Wani rabo a Kangire, shi ya koya mini abin da zan zuba a gorar. Da farko tsakuwa na sa, ba ta zama ɗaya, wata ta maƙale wata ta wuce. Na koma gyaɗa. Muka auna gona tun safe, muka zauna a inuwa za a ƙirga, na je alwala na dawo na tarar babban magajin yana tauna. Dattijo da gemu. Ya ce wallahi ya ɗauka guzuri ne. Ya cinye kusan rabin gonar ubansa. Daga nan na koma ƙwallon kurna. In zaɓo su, in wanke, in shanya, duk wanda bai ratsa zoben nan daidai ba in yar.”

Zoben ƙarfe ne ƙarami, ɗaure da zaren fata a hannun keken. Na sha ganinsa, na ɗauka ado ne.

“Kwaɗon da ke jikin gwangwani kuma wani ɗan kasuwa ne ya jawo shi. Yana sayar da gona, yana tafe kusa da ni yana ta yaba aikin, Malam Hudu kai dai Allah ya ba ka kai. Ashe da kurna a bakinsa. Ya tsotse, ya saki ƙwallo a gwangwani. Da muka zo ƙirga na ga ɗaya da danshi, har da sauran nama a jiki. Na ce Alhaji, wannan naka ne, ɗauki abinka. Tun daga ranar, ƙwallo hamsin nake zubawa a gora a gaban kowa. In an gama, na gora da na gwangwani su haɗu su ba da hamsin. Kun ƙirga na gora yau kafin ku fara?”

Yaya Nura ya sosa ƙeya. Haladu yana goge fuskar wayarsa da bakin riga.

“Matsa tayar. Ka ji tauri? Ba iska a ciki, igiyar rama na cusa. Taya mai iska da safe girmanta daban, in ta sace da rana daban, ƙaya ɗaya kuma ta gama da ita. Duwatsu biyun nan na ƙofar gida da kuke zama a kai kuna danna waya, juyi goma ne cif tsakaninsu. Duk ranar da zan fita awo sai na fara turawa daga wannan zuwa wancan. In ƙwallo bai faɗi daidai kan dutse na biyu ba, ba inda za ni. Ba na awo in ƙasa ta jiƙe, laka takan manne ta ƙara wa taya girma. Ba na shafa wa faifai man gyaɗa, kiyashi ne zai cika shi, baƙin mai nake roƙa wurin masu injin niƙa. Akwai wani Malam Bitrus, ma'aikacin asibiti, da ya sayi fili a bayan Birnin Kudu. Bai yarda da ni ba, ya biyo ni da tef ɗinsa na awo yana ja yana rubutawa. Da muka gama ya duba takardarsa ya duba gwangwanina, ya naɗe tef ɗin ya sa a jaka. Shi ya kawo mini mutum huɗu daga baya.”

Nan Kaka ya tsaya ya sha ruwa. Ya gyara zaman ƙafar da hannu biyu. Na lura ya daina kallon su Yaya Nura, keken yake kallo.

“Wata gona a gefen Fagam. Shekarata ta shida ke nan da keke, suna ya tafi, har daga ƙauyukan Gwaram ake aiko mini. Na fara jin kaina kamar yadda kake jin kanka yau. Mai gonar ya rasu ya bar mata da 'ya'ya maza daga wata matar da ta riga shi rasuwa. Ita tumuninta za a fitar mata, Iya Ladi sunanta. Na tura keke ta tsakiyar gona, don gefe ba ya miƙewa, ga ƙaya ga zaizayar ruwa. Yawancin gonar kunyoyinta sun bi tsawo, na sa taya a kwari na tafi sumul. Can ƙarshe wajen gangare an juya kunyoyin a gicciye don su tare ruwa. Na bi ta kansu, hau, sauka, hau, sauka. A nan aka ce a fitar mata. Na ƙirga mata nata daga wannan bakin, na kafa turke. Aka dasa gamba, aka yi fatiha, aka ba ni fura na sha.

“Keke bai san tsawo ba, Nura. Juyi ya sani. In ya hau kunya ya sauka, duk ƙasar da ya taka sai ya ƙirga ta, ta hawa da ta gangara. Inda ya kamata ya yi juyi biyar sai ya yi shida. Wanda rabonsa ya faɗa kan kunyoyin gicciye, lissafinsa yakan cika tun ƙasarsa ba ta cika ba.

“Da ruwa ya sauka Iya Ladi ta zo har ƙofar gidan nan a ƙafa. Ba ta yi faɗa ba. Ƙwarya ta ajiye a gabana da ragowar iri a ciki. Ta ce Malam, shekara talatin ina shuka gonar nan, na san irin da take ci. Na auni ɗaya bisa takwas ɗinsa na shuka inda ka ba ni, ga abin da ya ragu. Ko dai hannuna ya canza ko kekenka. Na ce mata keke ba ya ƙarya. Haka na ce mata, a gaban mutane.

“Bayan ta tafi na ɗauki keke na je gonata. Na ja igiya na tura ta kwari, na koma na tura tsawon igiyar nan a kan kunyoyi. Ba su zo ɗaya ba. Na tafi Fagam na gaya wa dagaci. Ya ce Malam Hudu, an yi fatiha, 'ya'yan kuma sun riga sun sayar da wajen ga wani, har ya shuka. In na tayar da wannan, duk iyakar da ka taɓa kafawa a ƙasar nan sai an tayar. Haka aka bar ta. Gambar tana nan har yau, ta yi duhu. Iya Ladi ta rasu da gonar da na ba ta.

“Labari ya zaga. Ranin nan gaba ɗaya ba wanda ya yi sallama da ni don awo. Aka koma igiya. A kasuwa in na wuce sai wani ya ce ƙas, ƙas, a bayana. Na rataye keke a rumbu, gizo-gizo ya yi gida a gwangwani. Sai wajen bazara na shiga Birnin Kudu na ga magina suna tura baro cike da yashi a kan katako, sun ɗora shi bisa tudu da kwari, taya tana tafiya kamar a kan titi. Na daɗe a tsaye har ɗaya ya tambaye ni ko aiki nake nema. Na sayar da tunkiya na sayi waɗancan biyun. A shimfiɗa ɗaya bisa kunyoyi, a tura, a shimfiɗa na biyu, a ɗauko na baya a kai gaba. Shi ya sa nake yini. Su ne ka bar wa kaza, injiniya, saboda ba su dace da babur ba.”

Yaya Nura ya matso kusa da keken. Yana ta murza wayar ƙafar keken da yatsa.

“A gabashin gonar,” ya ce, “kunyoyin a gicciye suke.”

“Na sani. Mahaifiyar su Hanne ce ta sa aka juya su, a nan take gyaɗarta. Hannunka bai gaya maka ba da keke yake tsalle?”

“Na ɗauka haka yake yi.”

“Ka ɗauka. Je ka gaya wa Isuhu gobe da sassafe za a koma. Ka biya gidan Sale ka ce ina son amalankensa.”

Ranar Alhamis aka ɗora Kaka a amalanken shanu, da keken da katakon biyu. Gwaggo Hanne ta ce in raka ta, na ɗauki jarkar ruwa muka hau baya, Yaya Nura da Haladu suka biyo mu a babur. Mun tarar da Baffa Isuhu a bakin gona ya riga mu, yana duba agogo.

Bayan an gaisa Baffa ya ce, “Baba, da ka huta da ƙafar nan. An riga an kafa turke, na gaya wa dagaci an gama. Yanzu in a ce an sake, sai a ce rigima muke yi. Hanne ma ba ta ce komai ba.”

“Hanne ba za ta ce ba. Sai ta shuka ta ga iri ya ragu, sannan kai kana Kano, ni kuma wataƙila ina kusa da ubanku.”

“Ai ba da gangan yaron ya yi ba.”

“Ni ma ba da gangan na yi ba a Fagam. Kana son ƙasar da ba taka ba, Isuhu?”

“Subhanallahi, Baba.”

“To matsa ka ba mu hanya.”

Gwaggo tana tsaye ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Ta ce a hankali, “Ni dai jiya na ga tsamiyar da Inna take hutawa ta yi nisa da turken, na ce ko idona ne.”

Kaka ya sa aka juye gorar a tabarma aka ƙirga hamsin a gaban Baffa da Gwaggo, ya datse kwaɗo ya rataya makullin a wuyansa. Aka ja doguwar igiya daga yamma zuwa gabas don kada a karkace. Yaya Nura ya miƙa hannu zai kama keken.

“Kai ba ka taɓa shi yau,” in ji Kaka. “Haladu zai tura, ba shi da gado a ciki, kuma in ya ajiye wayar hannunsa bai kai naka rawa ba. Kai ga naka can.”

A yammacin gona tafiya ta yi sauri, taya a kwari, amalanke yana bin su a gefe, Kaka ya karkata kunne yana motsa leɓe duk ƙas ɗaya. Wani mai wucewa da garken awaki ya yi sallama, Kaka ya amsa masa har da tambayar iyali, keke yana ta ƙirgarsa. Da aka iso kunyoyin gicciye aiki ya tsaya cak. Yaya Nura ya shimfiɗa katako, Haladu ya tura, Yaya Nura ya koma ya ciccibo na baya ya kai gaba.

“Haɗa bakinsu. Na ce haɗa, ba ɗora ba. Wannan ratar da ka bari ta wa ce, ta Isuhu ko ta Hanne?”

Na daina ƙirga sau nawa ya ɗauka bayan talatin. Rigarsa ta manne a bayansa, wata sartse ta shige masa tafin hannu ya cire da haƙori. Da tayar ta taɓa tsohuwar iyakar gabas, sai muka ji ƙwallo ya faɗa gwangwani. Kaka ya buɗe a kan tabarma. Goma sha biyar, faifai kuma ya dawo daidai inda ya fara, ba ƙarin haƙori ko ɗaya. Na gora talatin da biyar.

Baffa Isuhu ya tsuguna ya ƙirga da kansa. Ya sake ƙirgawa. Sannan ya cire agogon ya sa a aljihu.

Aka mayar da ƙwallaye, aka juyo daga gabas don fitar da biyar na Gwaggo. Katako kuma, tun daga farko. Muka zo turken jiya da ƙwallo huɗu da haƙori biyar kacal, muka wuce shi. Gwaggo ta bar inuwa ta biyo bayan keken tana taka kunyoyin ɗaya ɗaya, ina jin tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Na biyar ya faɗi a kan ta goma sha uku. Saura kunya biyu a kai tsamiyar.

Baffa ya ce, “Baba, a ƙarasa mata zuwa bishiyar mana. Kunya biyu ce.”

“In kyauta za ka yi mata, ka yi gobe a gaban liman da bakinka. Ni awo na zo. Nan ya faɗi, nan za a kafa.”

Gwaggo ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. “Bar shi, Yaya. Ni ce a gabas. Inuwar la'asar tawa ce, kai ka riƙe ta safe da ba ka nan.”

Ita da kanta ta koma ta girgiza turken jiya ta tumɓuke shi, ta kawo wa Baffa, shi kuma ya buga shi da dutse a sabon wurin. Washegari aka dasa gamba a nan.

A hanyar dawowa Yaya Nura yana zaune a kan katakon a cikin amalanke, ya buɗe tafukansa a kan gwiwa saboda sun yi bororo. Mun kusa gida ya ce, “Kaka, to yaushe zan fara turawa?”

“Malam Barau shekara uku ya bar ni da bakin igiya,” in ji Kaka. “Kai da ka yi boko, kuma an koya muku a aji biyu, na rage maka ɗaya.”

Da aka sauke kaya bai bari a mayar da katakon bayan rumbu ba. Ya sa aka kawo masa igiyar rama, yana zaune ya ɗaure su a jikin keken, ya yi ƙulli uku ya ja da haƙori.